Takardar Sallamar Hephzibah

Shafi na 14

Masu cewa na cika tausaya wa Martins, na ga saƙonninku. Masu cewa Hephzibah taurin kai ne da ita, ku ma na gani, musamman wadda ta rubuto min cewa ita da ita ce da tuni ta ɗaure akwati. To 'yar'uwa, gyara zama. Ni kaina da nake rubuta shafin nan sai da na ajiye na sha ruwa.

*

Wata takwas ke nan rabon Hephzibah da mijinta Martins su taka ƙofar coci tare. Tun ranar da ɓarin jikin mahaifinta Baba Shekari ya shanye, suka ɗauko shi daga Muchia zuwa gidansu na Samaru don ya fi kusa da asibitin Shika, sai zuwa coci ya koma karɓa-karɓa. Wannan Lahadi ita, ta gaba shi. Ba a barin Baba shi kaɗai. Magana ta ƙwace masa, in yana son abu sai dai ya ɗauki alli da hannun hagu ya ja haruffa a ɗan allon makaranta, irin wanda ya shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane rubutu a kai.

Jiya Asabar kuwa sai ga ƙanensa, Baba Ƙarami Dominic, daga ƙauyensu na bayan Zonkwa, da citta da doya niƙi-niƙi. Yau da sassafe ya ce mata, "Ku je ku yi sujada tare, 'yata. Ni zan zauna da yayana."

Har ƙwalla ta kawo don daɗi. Ta ɗaura zanen Zumuntar Mata, ta goya 'yarsu Peculiar, suka hau bas zuwa Sabon Gari, cocin da aka yi mata baftisma a ciki.

Maganar Fatakwal a gida ta baro ta. Sati uku ke nan da Martins ya samu takardar aiki a wani kamfani can, ran ɗaya ga wata zai fara. Ta roƙe shi ya ba ta kwana goma ta yi addu'a, don ba ta ga ta inda za ta sa ƙafa ta bar Baba ba, jikinsa kuma ba zai ɗauki tafiyar Fatakwal ba. Shi kuma ya yi mata alkawari babu kunnen da zai ji sai ta yanke shawara.

Tana zaune a ɓangaren mata tana yi wa Peculiar fifita da takardar waƙa, Malam Felix sakataren ikilisiya ya hau karanta sanarwa. Ranar gwajin mawaƙa, auren wane da wance, wanda ya manta laima makon jiya. Sai ya gyara tabarau.

"Sanarwa ta ƙarshe. Dattawan ikilisiya sun zauna jiya, sun sa hannu a takardar sallama ta ɗan'uwanmu Martins, da matarsa Hephzibah, da 'yarsu Peculiar, waɗanda Ubangiji ya buɗe wa ƙofa a Fatakwal. Muna roƙonsu su fito gaba."

Coci ya ɗauki tafi.

Hephzibah ta waiga ta ga ko akwai wata Hephzibah a bayanta. Babu. Sai fuskoki suna yi mata murmushi, wata ma har ta rangaɗa guɗa.

Wanda bai san cocin nan ba ba zai gane nauyin abin ba. Takardar sallama ita ce shaidar da mutum ke kai wa sabuwar ikilisiya in ya bar gari. Kuma a nan ƙa'ida ce, duk takardar da dattawa suka sa wa hannu ba ta tsallake Lahadi. A karanta, a kira iyali gaba, su durƙusa, a ɗora musu hannu, a cire sunansu daga littafin 'yan ikilisiya a gaban kowa. Daga ranar kai baƙo ne, ko da kakanka ne ya ɗauko bulon ginin.

Ba ta san yadda ƙafarta ta kai ta gaba ba. Ta dai ga Martins ya fito daga ɓangaren maza, fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon ko'ina ban da ita.

Suka durƙusa. Fasto ya ɗora hannu, dattawa suka kewaye su. Addu'ar ta yi tsawo, an roƙa musu sauka lafiya, an roƙa musu maƙwabta nagari, an roƙa wa Peculiar ƙanne. Kowa na cewa amin, ita ko leɓenta bai motsa ba.

Ana gamawa Mama Edith, shugabar Zumuntar Mata, ta taso da rawa da turmin atamfa a hannu, mata na biye da ita. Ta yafa mata a kafaɗa, ta rungume ta, ta kawo baki saitin kunnenta.

"Haba 'yata, sai a bakin dattawa za mu ji? Da kyar na samo zanen nan jiya da yamma. To Baban fa, wa za ki bar wa?"

Tambayar ta shige ta har ƙashi. Me za ta ce a gaban mutum ɗari uku? Ta ce ƙarya dattawa suka karanta? Ta ce mijinta ya yi mata yankan baya? Sai ta yi murmushi, irin wanda mace ke yi in ba ta son duniya ta ga tsiraicin gidanta.

*

Ana tashi ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta bi ta bayan ɗakin makarantar Lahadi, ta fito bakin titi. Martins na biye da ita da ambulan ɗin takardar sallamar a hannu.

"Maman Peculiar, tsaya ki ji."

Ba ta tsaya ba.

"Hephzi, don Allah."

Ya kamo gefen atamfar. Ta juyo.

"Sake ni."

"Ki bari mu je gida in..."

"Martins."

Ya sake. Rabon da ta kira sunansa haka gatsal tun kafin a haifi Peculiar.

"Me ka ce min ran Talata a kicin?"

"Na ce babu wanda zai ji."

"To su waye waɗancan? Kurame ne?"

"Allah ne shaidata, ban san za a karanta ba. Na ɗauka sai mutum ya zo ya ce ya shirya. Ni dai cewa na yi a rubuta in ajiye, in kin yarda shi ke nan, in ba ki yarda ba in yaga."

"Ka yaga?" Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Addu'ar ma za ka yaga? Sunana da aka ja wa layi a littafi fa? Gobe in shiga kasuwa kowa ya ce, a'a Hephzibah, ba ku tafi ba? In ce musu me? Mijina ya tafi ni na ƙi binsa bayan dattawa sun ɗora min hannu?"

"Ban yi nufin..."

"Ka ɗaure ni, Martins. Ka rasa inda za ka ɗaure ni sai a gaban bagade."

Wani mai acaɓa ya rage gudu yana kallonsu, ta watsa masa harara, ya ƙara gaba.

Martins ya share zufa da bayan hannu. Muryarsa ta fara rawa, kuma a nan ni dai ba zan ɓoye muku ba, ya ba ni tausayi.

"Shekara shida ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji, Hephzi. Shekara shida ma'aikacin wucin gadi. Yaran da na koya wa riƙe kwalba sun zama oganni, ina gaishe su da safe. Wannan ce ƙofa ta farko da ta buɗe min. Gidan ma'aikata kuma sai mai iyali suke ba wa, kin sani. Ni ba mutum ba ne? Ba ni da zuciya?"

"Na ce ba ka da ita? Kwana goma na roƙa. Goma!"

"In sun cika me zai canja? Baba zai tashi ya yi tafiya?"

Ta tsaya cak. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya runtse ido.

"Maimaita."

"Ki yi haƙuri, ba haka..."

"Wa ke gane in ya ɗaga gira bayan gida yake so? Wa ya san in kunu ya yi kauri shaƙe shi yake? Wa ke kai shi gashi Shika duk Alhamis? Mutumin nan shi ya goya ni da uwata ta mutu, shi ya yi min kitso da hannunsa har yara na yi min dariya a makaranta. Ni kaɗai gare shi. Kai kana da 'yan'uwa bakwai, ba za ka gane ba."

"Na gane."

"Ba ka gane ba. Da ka gane da ba ka saci ƙafa ka je ofishin Fasto ba."

Ya juya ambulan ɗin a hannunsa sau biyu.

"Ba ni na ce a karɓo ba."

"To wa? Peculiar?"

"Baba."

Hayaniyar titi ta ɗauke mata ɗif.

"Wane Baban?"

"Babanki, Hephzi. Bakinsa ne ya mutu, kunnensa na nan. Duk abin da muke faɗa a kicin yana ji ta bango. Ran Laraba da kika je cefane ya buga sanda, na shiga. Ya rubuta min, je wurin Fasto, takardar sallama, suna uku. Na ce Baba ba ta yarda ba tukuna. Ya goge da gwiwar hannu ya sake rubutawa, karɓo ka ajiye. Na ce Baba na yi mata alkawari. Sai ya kafe ni da ido, hawaye na bin gefen da ya shanye. Ya zan yi?"

"Karɓo ka ajiye," ta maimaita a hankali.

Sai wani abu ya faɗo mata.

"Martins, ka san wa ya kafa dokar nan? Cewa takarda ba ta tsallake Lahadi?"

Ya girgiza kai.

"Baba ne. Shekara ashirin da biyu yana dattijon cocin nan. Shi ya kawo ta, don mutane su daina sulalewa ba sallama. Ina yarinya na sha jin yana faɗa da baki."

Martins ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Ke nan ya san za a..."

"Ya sani sarai. Kai ma aikenka ya yi kamar yaron aji uku, ka tafi da gudu."

Ta gyara goyon Peculiar da ta fara mutsu-mutsu. Ranta na tafasa, amma yanzu ta rasa wa za ta zuba wa. Tsoho na kwance ko juyi ba ya iya yi sai an taimake shi, amma ya juya gida guda da coci guda da guntun alli. Za ta je ta same shi. Za ta durƙusa a gaban gadon ta faɗa masa ko dattawan duniya za su taru ba inda za ta...

Tunanin ya katse.

"Baba Ƙarami."

Martins ya sunkuyar da kai.

"Shekara biyu bai zo Zariya ba. Ko da Baba ya faɗi saƙo kawai ya aiko. Wa ya aika masa ya zo?"

Ya ƙara yin ƙasa da kai.

"Martins, ɗago ka kalle ni. Wa ya ce masa ya ce mu tafi coci tare?"

Bai ɗago ba.

Atamfar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ƙasa, ko waiwayarta ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu.

"Acaɓa! Samaru!"

"Madam, da goyo? Ai da nisa, ki hau bas mana."

"Na tambaye ka shawara? Ja mu je!"

*

PZ, Kwangila, Palladan, duk unguwannin da suka ratsa ba ta gan su ba. Hannu ɗaya ta tallafe Peculiar, ɗaya ta riƙe jaka, bakinta sai Yesu, Yesu, Yesu. Acaɓan Martins na bayansu yana ta danna hon.

Ƙofar gida a kulle. Makulli na ƙarƙashin turmi, inda suke ajiyewa in ba kowa.

In ba kowa.

Ta fizgo makullin ta buɗe, ta faɗa ciki.

"Baba! Baba Ƙarami!"

Ɗakin a share tas. An ninke bargo, an ɗame gado. Babu sanda, babu akwatin ƙarfensa, babu Littafinsa mai jan baki da ke kwana a gefen matashi. Ƙamshin man zafin da ta shafa masa da asuba ne kawai ya rage.

Sai allon, a jingine a tsakiyar gado, da guntun alli a gabansa. Haruffan sun karkace, wasu sun hau kan wasu, ka san an daɗe ana fama da su.

KIN YI NAKI. BI MIJINKI. KADA KI NEME NI.

Ta zube a ƙasa da goyon a bayanta. Ba rubutun ne ya fi karya mata zuciya ba, allon ne. Shi ne bakinsa. Da shi yake cewa ruwa, da shi yake cewa zafi, da shi yake rubuta mata sannu in ta gama yi masa wanka. Ya tafi ya bar shi. Yanzu in ƙishi ya kama shi a hanya da me zai faɗa?

Martins ya tsaya a bakin ƙofa da atamfar da ya tsinto a hannu.

"Ka sani."

"Na sani." Ya jingina da ƙofar. "Ya ce gara ya koma gida cikin danginsa da ya zama shi ne ya raba ki da mijinki. Ya sa na yi masa alkawari. Na yi shatar motar Ogbonna direba ta kai su har ƙofar gida. Na haɗa masa komai, Hephzi, ban bar komai ba. Kayansa, katin asibiti, magungunansa..."

Ta ɗago.

"Waɗanne magunguna?"

"Na ledar kan taga."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo jakarta, ta zuge, ta zazzage a kan gado. Hankici, kuɗin baiko da ta manta ba ta saka ba, biskit ɗin Peculiar, sai wani farin gwangwani. Ta buɗe. Ƙwayoyi kala uku, kowanne a ƙulle da sunan lokacinsa da rubutun hannunta.

"Na kan taga man shafawa ne da na ƙarin jini. Na hawan jinin ga su nan. Tun ranar da ya sha na safe sau biyu nake yawo da su a jaka, ka manta? Likita ya ce ko me za a yi kada na ƙarfe biyu ya wuce. Ya ce in abin ya sake bugunsa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ba sai ta ƙarasa ba.

Martins ya dafa bango. Agogon falo ya nuna ɗaya saura kwata.

"Baba Ƙarami ya san sunan maganin?" ya tambaye ta.

"Baba Ƙarami ko sunansa bai iya karantawa ba."

"Yana da waya?"

"Ina ya ga waya? Ƙauyen ma akwai sabis ne?"

Ta miƙe. Hawayen ya tsaya, idon ya bushe ƙamas, kuma wannan ya fi kukan ban tsoro.

"Alkawarin da ka yi min ka karya shi a kwana ɗaya. Saura na Baba. Ka kira Ogbonna yanzu ya juyo da motar nan, ko kuma ka buɗe ambulan ɗin can ka goge suna biyu. Ka tafi Fatakwal ɗinka kai kaɗai, ka zauna kai kaɗai har ka tsufa."

Bai yi musu ba. Tuni ya zaro Nokiyarsa, ya danna lambar. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Ana ɗauka ta fizge wayar.

"Ogbonna, Hephzibah ce, matar Martins. Kuna ina? Kun wuce Kaduna?"

"Ah, Madam, ina wuni. Wace Kaduna? Ina Sabon Gari, ina cin abinci."

"Sabon Gari? Ina Babana?"

"Ai tun tara da rabi na sauke su a Kwangila."

"Kwangila? Ba Zonkwa aka yi da kai ba?"

"Haka Oga ya ce. Amma muna isa Kwangila tsohon ya dinga buga kujera da sanda, sai da na tsaya. Ƙanen ya ce sun gode, wata mota na jiransu. Ni da kaina na ɗauki Baba na sa shi a ciki. Na ɗauka kun sani, Madam."

Ta riƙe ƙarfen gado.

"Wace mota? Ta Kaduna?"

"A'a. Ba hanyar Kaduna suka bi ba."

"To ina suka bi? Kano? Funtuwa? Ogbonna, yi magana!"

"Madam, fasinja suka rufe ni. Kafin in ɗago sun ɓace."

Wayar ta sulale daga kunnenta. Martins ya ji komai. Ya zame a jikin ƙofa har ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Ya san zan faɗa miki," ya ce. "Hephzi, ni ma bai yarda da ni ba. Ba gida suka tafi ba."

Ta kalli allon. Ta kalli gwangwanin da ke hannunta.

Agogon falo ya buga ɗaya.